Kujerun Aro a Tungar Maliki

Ni dai ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ba ni da haƙuri, kuma duk wanda ya taɓa koyar da yara sittin da uku a ɗakin da iska ta kwashe rabin kwanonsa ba zai ga laifina ba. Sunana Hamida, Malama Hamida in ana son zaman lafiya, ni ke riƙe da aji huɗu a firamaren Tungar Maliki. Daga Argungu nake zuwa kullum a kan kabu-kabu, tafiyar minti ashirin in hanya ta bushe. In kuwa an yi ruwa, sai yadda Allah ya yi.

Ajujuwa shida gare mu, uku daga ciki in ka ɗaga kai sararin sama kake gani, nawa kuma ya fi kowanne lalacewa. Kujeru kuwa, tun kafin a turo ni suka ƙare. Kowane yaro da buhun shinkafarsa yake zuwa daga gida, ya shimfiɗa ya zauna, ya ɗora littafi a gwiwa. Da rani muna lallaɓawa. Da damina ta faɗi, hadari na haɗowa hedimastanmu Malam Labbo zai fito ya dubi gabas, ya buga ƙarfe a tashi, ko da ƙarfe tara na safe ne.

Ba jiƙewar ce ke ci mini rai ba. Yaron da ka sallama ranar Litinin saboda hadari, ranar Talata ubansa zai ga ai gara ya bi shi fadama dashen shinkafa, shi ke nan ba ka ƙara ganinsa sai bayan girbi. Bara da yara sittin da uku na shiga damina, da ashirin da takwas na fito. Waɗanda suka dawo kuma har jadawalin biyu sun manta, dole na koma da su baya. Na yi wa kaina alkawari bana sai an rufe ajin nan kafin ruwan farko.

Hanya ɗaya ce. Akwai wani shiri na gyaran makarantun karkara, inda kowace shekara ake zaɓar guda goma da suka fi lalacewa a yi musu rufi da kujeru. Ana turo jami'in duba makarantu, wanda mu malamai muke ce wa sufeto, ya zo ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto, ya rubuta rahoto. Shekara uku yana zuwa mana, shekara uku sunanmu bai fito ba. Har makarantar tungar da ke gaba da mu, wadda kwano biyu kacal ya ɗage mata, an gyara. Na tabbatar wa kaina cewa akwai mai yi mana zagon ƙasa a ofis.

Saboda haka wata Alhamis na nemi izini, na ɗaura ɗankwali na hau mota zuwa Birnin Kebbi da niyyar yin faɗa. Tun a hanya nake shirya maganganun da zan zazzage musu. A ofishin na iske wata baiwar Allah mai kula da fayil-fayil tana cin gyaɗa. Ta bar ni na yi surutuna har na gaji, sannan ta miƙe ta ɗauko fayil ɗin makarantarmu ta ajiye a gabana.

"Malama, wannan ba makarantarku ba ce?"

Na duba hoton farko. Ajina ne, ga allona, ga rubutun hannuna a jiki. Amma yarana zaune suke a kan fararen kujerun roba, jere reras, sama kuma an lulluɓe da wani shuɗin abu mai kama da silin. Bango fari fat. A ƙasan hoton sufeto ya rubuta da hannunsa cewa makarantar tana da kujeru tamanin, rufinta lafiya lau, ba ta da buƙatar gaggawa. Ya ma yaba wa mutanen gari saboda kula da kayan gwamnati.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Ni ce fa na jera kujerun nan da hannuna, har ina yi wa yara tsawa su gyara layi.

Ga yadda abin yake. A Tungar Maliki akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo. Ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar fiye da rabin garin, ita ce kuma shugabar ƙungiyar iyaye mata ta makaranta. A wurin Goggo, da sauran mutanen garin ma, babu abin kunya kamar baƙo ya zo ya ga rashinku. Duk gidan da za a yi baƙi, maƙwabta ne ke kawo tabarmi da kwanuka da darduma a rufa wa juna asiri. To da zarar an ce sufeto zai zo, sai Goggo ta ɗauki makarantar kamar ɗakin amarya. Mata su shafe bango da farar ƙasa. Maza su kawo tampol ɗin da suke shanya shinkafa a kai, a ɗaure shi ƙarƙashin kwano ya rufe ramukan. Kujeru kuma daga wurin Chibuzor, wani ɗan kasuwa da ke ba da hayar rumfuna da kujerun biki a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi. Shekarun baya ya zauna a Tungar Maliki yana sayen shinkafa, Goggo ce ta karɓi haihuwar ɗansa na fari, don haka ko sisi ba ya karɓa. Da kansa yake lodo su ya kawo, washegari ya kwashe abinsa.

Haka muka yi shekara uku muna yi wa kanmu sakiyar da ba ruwa, muna kuma zagin mutanen ofis. Na gode wa mai cin gyaɗa, na fito a sanyaye, duk faɗan da na shirya na koma da shi gida.

Washegari na kai wa Malam Labbo labari. Mutum ne mai sanyin hali, shekara talatin da uku yana aikin koyarwa, saura biyu ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai in akuya ta shiga ofishinsa. Ya cire hula ya shafa kai.

"Ashe mu munka hana kanmu," ya ce. "To, Malama, wa zai hwaɗa ma Goggo?"

Na ce ni zan faɗa mata. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda zai shiga gulbi bai iya iyo ba.

An kira taron iyaye a gindin dogon yaron da ke bakin makaranta, saura mako biyu zuwan sufeto. Na tsaya na yi bayani dalla-dalla, na ce bana kada a shafe bango, kada a ɗaura tampol, kada a kawo kujera ko guda. A bar makarantar yadda take kullum. Maza suka yi ta gyaɗa kai, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Goggo kuwa tana zaune a kan tabarma, ta zuba mini ido har na gama.

"Ɗiyata, kin ƙare?"

"Na ƙare, Goggo."

"Wato so kike baƙi su taho tun daga Birni su iske ɗiyanmu zaune ƙasa awa kaji. Su koma su ce mutanen Tungar Maliki ba su da ko abin da baƙo zai ɗora jiki."

"Ai gaskiyar ke nan, Goggo, ba mu da shi."

"Ba mu da shi, amma wa anka ce ya tahi ya yi shela? Ni tun da nike ban taɓa ganin inda mutum ya buɗe cikinai ya ce a zo a duba ba."

Raina ya fara ɓaci, na ce, "To a ci gaba da rufewa, ruwa kuma ya ci gaba da korar jikokinki daga aji. Jikarki Nuriyya tana aji huɗu, har yau ba ta iya rubuta wasiƙa ba, don rabin shekara a gida take yi."

Na san na wuce gona da iri, don wurin ya yi tsit. Malam Labbo ya yi gyaran murya ya sa baki, ya ce a gwada shawarar Malama shekara ɗaya tak, in ba a dace ba a koma yadda aka saba. Maza suka amince. Goggo ta miƙe ta naɗe tabarmarta.

"Ku yi abinku. Amma ni ran nan ba ni hitowa, kada idona ya gane mani abin kunya."

Ranar ta zo, wata Talata ta watan Maris, rana tun da safe kamar za ta fasa kai. Wallahi ban san al'adar ta shige ni haka ba sai ranar. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauki tsintsiya in share yanar gizon da ke kusurwa, in tura buhunan da suka yage baya. Sau biyu ina kama Malam Labbo yana ƙoƙarin jingina wani tsohon allo a kan tsagewar bango, sau biyu ina ɗauke shi.

Wajen ƙarfe goma motar ta tsaya. Sufeton ya fito, Malam Abdulmuhaimin, dogo mai farin gilashi, shi ne dai wanda yake zuwa duk shekara. Ya gaisa da mu da fara'a, yana cewa kullum in ya zo Tungar Maliki hankalinsa kwance yake. Muka nufi ajina. Yara suka miƙe daga kan buhunansu suka gaishe shi da murya ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi sama, rana ta haske masa gilashi ta cikin ramin kwano. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce yau dai ya gani.

Ya buɗe fayil ɗinsa, ya juya shafi, fara'ar nan duk ta ɓace.

"Hedimasta, ina kujeru tamanin ɗin da na ƙirga a nan bara?"

Kafin Malam Labbo ya amsa, sufeto ya ci gaba.

"Da hannuna na rubuta su cikin kayan makaranta, kai kuma ka sa hannu a ƙasa. Ga silin ma an ɓamɓare. Malam, ka san abin da wannan ke nufi. Dole in rubuta cewa kayan gwamnati sun salwanta a hannunka, kuma za a kafa kwamitin bincike."

Duk lissafin da na yi, wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Ni rufi nake nema, ga shi zan jawo wa dattijon kirki sunan ɓarawo saura shekara biyu ya ajiye aiki. Kuma muddin ana bincike, ba wanda zai sa makarantarmu a jerin gyara. Na yunƙura zan yi magana, Malam Labbo ya ɗaga mini hannu. Na gane abin da yake nufi. In aka ce aro ne, an fallasa garin gaba ɗaya a gaban baƙo, shi kuma ya gwammace abin ya tsaya a kansa. Ni kuwa ban gwammace ba. Na yi kamar ban ga hannunsa ba.

"Ranka ya daɗe, kujerun nan ba na makaranta ba ne, aro su ake yi."

Sufeto ya dube ni ta saman gilashi. "Malama, kowa haka yake cewa in kaya sun ɓata. Shekara uku ina ganinsu a wuri ɗaya. Aro shekara uku?"

Muna cikin haka sai ga sallama daga bayanmu. Goggo ce, da mata biyu ɗauke da kwanuka a ka, ƙamshin tuwon shinkafa da miyar kifi ya riga su shigowa. Ta rantse ba za ta fito ba, amma a ce baƙo ya shigo gari ya fita bai ci komai ba, wannan kam ya fi ƙarfinta. Ta dubi fuskar Malam Labbo, ta dubi tawa.

"Mi ya faru?"

Na gaya mata a taƙaice. Ta sa aka sauke kwanukan a ƙasa. Ta gyara mayafinta, ta matso gaban sufeto, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba.

"Ɗana, rubuta abin da zan hwaɗa maka, ka sa sunana a ƙasa. Makarantar ga ba ta da kujera ko guda, shekara bakwai ke nan. Kujerun da ka gani na biki na, ni nika aro su duk ranar da za ka zo. Abin da ka ce silin, tampol ɗin shanyar shinkahwa na, huɗu na gidan Abdussamadu, biyu na gidana. Bangon ma mu ka shafe shi ana gobe ka zo. Labbo bai ɗauki ko ƙusa ba, ni na karɓi haihuwar ɗiyanai duka, na san gidansu. Kunya munka ji kada ka ga talaucinmu. To yau ga shi, duba da kyau, ba abin da munka rage."

Na san abin da maganar nan ta ci mata, a gaban baƙo, a gaban jikokinta, kuma tun daga ranar ban sake ɗaga mata murya ba.

Sufeto ya ce shi bai ƙaryata tsohuwa ba, amma ofis shaida yake so. Goggo ta zaro ƙaramar wayarta daga bakin zane ta miƙo mini ta ce in kira mata Chibuzor. Aka yi sa'a yana Argungu, ya kai kujeru gidan suna. Ba a yi rabin awa ba sai ga shi a a-kori-kura, da sauran kujeru a baya, yana share gumi.

"Goggo, lahiya? Ba kin ce bana ba a so ba?"

"Sauko da guda ka gwada ma baƙo."

Ya sauko da ita ya juya bayanta. Ga sunansa da lambar wayarsa da jan fenti, manya-manya. Sufeto ya ɗauko hoton bara ya kusantar da shi ga idonsa. A layin ƙarshe akwai kujera guda da ba kowa a kai, ta ɗan karkace, ana hango jan fentin a gefe.

Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya cire gilashi yana goge ido, yara ma suka kama ba su san dalili ba.

"Shekara goma sha tara ina wannan aiki," ya ce. "Na ga inda ake ɓoye kujeru masu kyau a gidan mai gari, a fito mini da karyayyu don a samu sababbi. Amma inda ake aro wadata a nuna mini don kada a samu, wallahi sai a nan. Ni ma da laifina, da ban taɓa juya kujera na duba bayanta ba."

Chibuzor ya tura masa kujerar don ya zauna ya yi rubutu. Sufeto ya ƙi. Ya ce a mayar da ita mota kada ta sake shiga hoto. Ya nemi wani yaro ya matsa masa, ya tattare babbar rigarsa ya zauna a gefen buhu, ya ɗora fayil a gwiwa. Goggo ta kau da kai, ta ce ita wannan ba za ta iya kallo ba. Ya zagaya ajujuwan duka, ya ƙirga ramukan kwano, ya ɗauki hoto har da na tsagewar bangon da Malam Labbo ya so ya ɓoye. Sai da ya gama tsaf sannan ya wanke hannu, kuma bai bar komai a kwanon kifin ba. Da zai tafi ya ce shi ba ya yin alkawari, ba shi ke zaɓe ba, rubutu kawai nasa.

Mako biyar muna jira. Na rame, na yi faɗa da mai kabu-kabu sau uku a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ran nan mai cin gyaɗa ta kira ni da kanta, ta ce sunan Tungar Maliki ne na biyu a jerin. Na yi guɗa a tsakiyar aji, yara suka ɗauka aljanu ne suka taɓa ni.

Ba duk abin da muka roƙa aka ba mu ba. Ban-ɗaki har yau babu, benci kuma arba'in aka kawo a maimakon sittin, yara huɗu-huɗu suke matsuwa a kai. Amma kafintoci sun zo a farkon Mayu, suka yaye tsohon kwano suka buga sabo a ajujuwa ukun. Goggo ta ciyar da su kwana tara, har babbansu ya ce in da wani aikin a garin a kira shi ko kyauta ne.

Ruwan farko ya zo wata Laraba a watan Yuni, muna tsakiyar darasin lissafi. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso. Na ga yara sun fara tura littattafai cikin jaka tun ba a ce musu komai ba, suna jiran ƙarar ƙarfe. Na ce kowa ya fito da littafinsa. Suka dubi juna.

Ruwan ya sauko da ƙarfi. Ashe sabon kwano ƙara gare shi, ko muryata ba na ji, balle su. Na tsaya da alli a hannu, darasi ya gagara, yara sittin da ɗaya suna ta ihu da dariya suna nuna sama. Nuriyya ta hau kan benci, ban hana ta ba.

Sai ga Malam Labbo ya shigo a jiƙe, sandar buga ƙarfe na hannunsa. Ya taka zuwa tsakiyar ajin, ya buɗe tafin hannunsa sama, ya tsaya yana jira. Yaran suka yi shiru suna kallonsa. Ya daɗe a haka, ya matsa kusurwa ya sake gwadawa, ya koma ɗaya kusurwar. Sannan ya dubi hannun nasa, ya juyo ya nuna mini shi a bushe, ya matso kusa da kunnena don in ji.

"Malama, ci gaba da aikinki. Sai ƙarhe ɗaya da rabi za a tashi."